Talatin da Takwas da Ɗigo Shida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Allah Ya tsare ƙafarka a kan ƙarfe, Ya tsare hannunka daga wuta, Ya sauko da kai lafiya duk ranar da ka hau. Amin. Umma tana nan, gwiwar ce dai take taɓa ta da safe kafin ta fita shago. Babbar 'yarka Aku ta iya ƙirge har goma, sai dai bakwai ba ta yi mata ba, tsallake ta take yi, in ka gyara mata ta ce kai ne ba ka iya ba. An gyara famfon tsakar gida. Ni ma na gama jarabawa, lissafi ne kawai ya ɗan ja mini kunne.

Yaya, kafin ka ci gaba ina da roƙo. In direban motar kayan abincinku ya miƙa maka wannan takarda kana da bel a ƙugu, ka kwance shi, ka nemi wuri a ƙasa ka zauna. Yau ba za ka hau turken wuta ba. Ka san dokar Umma, ba a gaya wa mai hawa sama mugun labari. Ni ban san Baba sosai ba, amma na tashi na tarar da dokar, tun ranar da aka tsaya a gindin gini aka ɗaga murya aka gaya masa rasuwar ƙaninsa, ya juyo ya taka inda babu katako. Shi ya sa duk Lahadin da ka hau tudun nan naku don ka samu sabis, muke jeruwa a bakin waya kowa ya ce maka lafiya lau. Har lokacin da Aku ta karye a hannu lafiya lau muka ce maka. To yau zan karya dokar, kuma Umma ba ta san ina rubutu ba. Auduga, jaririyarka da ba ka taɓa ɗauka ba, yau kwananta goma sha tara a duniya, tana kwance a asibiti tun jiya Litinin. Zan gaya maka komai yadda ya faru, har da nawa laifin, don ba na so ka ji shi a bakin wani.

Jiya da safe Umma ta tafi shago. Matarka Anti ta ba Auduga nono, ta miƙo mini ita ta ce bari ta ɗan kishingiɗa, don rabonta da barcin kirki tun da ta haihu. Na zauna a falo na ɗora ta a cinya, na buɗe littafina, irin waɗanda kake tsokanata da su kana cewa littattafan masu kuɗin da ba su da aiki sai kuka a cikin mota. Na kai daidai inda saurayin ya dawo daga tafiya ya tarar an tashi daga gidan, hankalina duk yana can, sai na ji cinyata ta yi ɗumi har ta cikin zane. Na ɗauka fitsari ne. Na duba, ba shi ba ne, jikinta ne. Na ɗauko ma'aunin zafin nan da ka sayo, na sa mata a hammata har ya yi ƙara: talatin da takwas da ɗigo shida. Na sake aunawa, bai canza ba. Babu takarda kusa, sai na rubuta a bangon littafin ta ciki, na sa lokaci, goma da minti ashirin, yadda na ga Anti tana yi in Aku ba ta da lafiya.

Na je ƙofar ɗakin Anti. Tana kwance a gicciye, baki a buɗe, silifas ɗaya ma bai fita daga ƙafarta ba. Na tsaya na fi minti biyar, na ɗaga hannu zan taɓa ta na sauke. Wallahi Yaya, ba mugunta ba ce. Gani na yi ta samu barci, ni kuma zan tashe ta da abin da zai tsinka mata zuciya. Sai na tuna in Aku ta yi zazzaɓi, maganin ruwan nan mai launin hoda ake ba ta ya sauka. Na ɗauko shi a kan firji, na ɗiga kaɗan a bakin cokali na ba Auduga. Ta yamutsa fuska ta haɗiye. Bayan awa ɗaya na auna, talatin da bakwai da ɗigo uku. Na rubuta shi a ƙarƙashin na farko. Har daɗi na ji, na ga kaina irin yarinyar nan ta cikin labari da ke gyara komai a ɓoye, sai daga baya a gane a yi ta sa mata albarka. Na koma karatuna.

Da azahar Auduga ta ƙi nono. Za ta kama, ta ja sau biyu, ta saki ta koma barci. Ba kuka, ba rigima. Umma da ta dawo ta ce jariri mai barci ai rahama ne, kai ma haka ka yi, sai an ja maka yatsan ƙafa kake tashi ka sha. Anti ta ce a'a Umma, wannan barcin ba irin nata ba ne, kuma tun safe ba ta jiƙa ƙyalle ba. Umma ta taɓa goshinta ta ce ga jiki nan garau, 'yan zamani dai ba ku da magana sai asibiti. Amma ta ɗauki mayafinta. Muka bar Aku wurin maƙwabciya muka tari tasi. Ni na riƙe jakar kaya, littafin yana ciki. A hanya sau uku ina buɗe baki, sau uku ina rufewa.

A ɓangaren yara akwai wata nas da ke zaune a tebur tun daga bakin ƙofa, mai jiki, da agogo maƙale a ƙirjin rigarta. Ita ke duba kowane yaro ta manna masa alama a kati: ja a shiga da shi nan take, rawaya a ɗan jira, kore a bi dogon layi. Ta tambayi kwanakin Auduga, ta ɗora ta a sikeli, ta auna zafinta: talatin da bakwai da ɗigo ɗaya. Ta tambaya ko ta yi zazzaɓi a gida, Anti ta ce a'a. Ta tambaya ko an ba ta wani magani, Umma ta ce ban da nonon uwarta babu abin da ya taɓa shiga bakin nan. Ni ina bayansu rungume da jaka, ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗan juya biro a hannu, ta manna rawaya, ta ce don ƙanƙantarta ne ma, kuma mu gode Allah babu zazzaɓi, da akwai da yanzu an wuce da ita ta waccan ƙofar. Da kunnena na ji. Na bi su muka zauna a benci.

Awa ɗaya da minti arba'in muka yi a bencin nan, agogon bango yana gabana. Fankar sama tana wani ƙas-ƙas duk zagaye. Umma ta samu abokiyar hira, suna kushe ɗinkin labulen asibitin. Ni hannun Auduga nake kallo, ya zamo daga cikin tawul yana lilo, fatar ta yi wani zane-zane kamar an ɗora mata raga an cire. Kuma duk numfashin da ta fitar sai ta haɗa da ɗan nishi, ƙarami ƙwarai, sai ka kasa kunne za ka ji. A littattafaina in abu zai lalace hadari ke haɗuwa, ko gilashi ya faɗi ya fashe. Nan babu ko ɗaya. Rana tana haskowa ta taga, wata yarinya tana cin biskit tana zubarwa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je gaban teburin na tsaya. Nas ɗin ta ce 'yan mata, in bayan gida kike nema yana hagu. Sai na zaro littafin na ajiye mata. Ka san irin bangonsu, namiji da mace suna kallon juna da jan fure a tsakani, a gaban Umma, a gaban kowa. Ta ce ita shekararta ashirin da aure, ta gama da wannan babin, in ɗauke abina. Na buɗe mata bangon ciki na sa yatsa. Ta karanta. Ta tambaya na waye, na nuna Auduga. Ta tambaya me ya faru tsakanin lamba ta farko da ta biyu, na ce maganin Aku. Ba ta yi mini faɗa ba, na fi so a ce ta yi. Miƙewa ta yi har kujerarta ta kife, ta karɓe Auduga daga hannun Anti, ta wuce ta waccan ƙofar muna bin ta da gudu.

Ni a zatona likita dogon saurayi ne mai ƙamshin turare. Wadda muka samu gajeriyar mace ce mai furfura a gaban kai, da takalmin roba, ƙafar tabaraunta ɗaya an ɗaure da zare. Tana duba Auduga tana yi mana bayani, hannunta bai tsaya ba. Ta ce jaririn da bai kai wata ɗaya ba, in zafinsa ya kai talatin da takwas, ba a jira kuma ba a ba shi magani a gida, ko da kuwa yana shan nono yana kallon mutane. Yaro kamar Aku jikinsa ya san yadda zai tsare ƙwayar cuta a wuri ɗaya, kunne ko maƙogwaro, kuma zai yi kuka ya nuna. Jariri bai iya ba tukuna, ƙwayar tana iya shiga jini, daga jini ta haura rigar ƙwaƙwalwa, shi kuwa yana kwance shiru. Ta ce yawancin jariran da ake kawo mata da zazzaɓi ɗan abu ne mai wucewa, amma a cikin goma akan samu kamar guda da ba haka ba, kuma babu idon likitan da zai iya ware shi da kallo, shi ya sa ake yi wa dukkansu gwaji. Zafin da aka auna a gida shi ne gaskiya, magani lambar kawai yake saukarwa. Kai za ka fi gane wannan, Yaya. Ƙwan da ke nuna akwai wuta a waya na cire, wutar tana nan.

Likitar ta shafa maɗigar Auduga, ta duba cibiya, ta danna mata ƙirji da yatsa tana ƙirga yadda jinin ke dawowa. Ta tambayi Anti ko watanninta sun cika, ta ce sun cika. Ta tambaya yaushe faya ta fashe, Anti ta ce kwana ɗaya da yini kafin haihuwa. Na ga ta rubuta ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Sannan ta ce za a ɗebi abu uku: jini, fitsari, da ruwan ƙashin baya. Nan Umma ta miƙe. Ta ce jini da fitsari a ɗiba har a gaji, amma babu mai soka wa jikarta allura a baya, ta san wani yaro da aka yi wa haka har yau bai taka ƙasa ba. Likita ta ce Mama, ciwon da ya sa aka yi masa allurar shi ya fi kama da abin da ya hana shi tafiya, allurar can ƙasa take shiga, inda lakar ba ta kai ba. Umma ta ce to a jira uban yarinya, zai kira ranar Lahadi. Likita ta ce ita za ta iya jiran Lahadi, abin da ke jikin yarinyar ne ba ta da tabbacin zai jira. Yaya, shekara huɗu Anti tana gidanmu, ban taɓa jin Umma ta ce ga gabas ta ce yamma ba. Jiya kanta a ƙasa ta ce Umma ki yi haƙuri, ta miƙa hannu a ba ta biro. Ta sa hannu a takardar yarda.

Aka fitar da mu. Na manna kunne a ƙofa ina jiran ihu, don na san yadda Aku take tara mana unguwa in ta ga allura. Ban ji komai ba. Ban taɓa roƙon Allah Ya sa yaro kuka ba sai jiya. Da nas ta fito da 'yan kwalabe uku a faranti na leƙa. Likita ta riga ta ce lafiyayyen ruwan baya garai yake kamar na famfo. Wannan ya yi kama da ruwan da aka ɗauraye kofin madara da shi. Ba su jira sakamako ba, nan take aka sa mata roba a jijiyar hannu aka fara allurai, aka ɗaure hannun a jikin ɗan kwali don kada ta lanƙwasa. Aka hau da ita ɗakin jarirai, inda aka bar Anti kaɗai ta shiga, mu sai dai ta gilashi.

Kafin mu tafi likitar ta kira ni gefe, ta ɗauki hoton rubutuna da wayarta. Ta ce sa lokacin da na yi ya taimake ta, amma gaba bakina ya riƙa yin sauri irin na birona. Na tambaye ta ko ni ce. Daga goma da ashirin zuwa lokacin da aka fara allura, awa bakwai ke nan, na ƙirga ya fi sau ɗari. Na so ta ce a'a. Ta ce ciwon ya riga cokalina shiga jikin yarinyar, wannan ba ni ba ce. Awannin kuma ba za ta ce ba su da nauyi ba, don a wannan ciwon suna da shi, amma nawa ne nauyinsu, ita ba ta sani ba, kuma babu wanda zai taɓa sani. Umma ba ta zage ni ba. A tasi abu ɗaya ta ce, ranar Lahadi in ka kira kowa ya ce lafiya lau, kafin hutunka na ƙarshen wata an sallamo yarinya, sai a ba ka labari ana dariya.

Yau da safe muka dawo da abincin Anti. Muka tarar an sa wa Auduga siririyar roba ta hanci, Anti tana tatsar nono a kofi ana ɗura mata. Nas ta ce da asuba hannun Auduga da leɓenta sun yi ta karkarwa kusan minti ɗaya, an ƙara mata wani magani ta lafa. Likita ta ce jinin da aka ɗiba yana cikin kwalba a wata na'ura mai ɗumi a ɗakin gwaji, ana ba shi kwana biyu a ga ko wani abu zai tsiro, in ba a kira daga can ba shi ne labari mai daɗi. Ina zaune ina kallon wayar teburin nas kamar maciji ne a naɗe. Sha biyu saura ta yi ƙara. Nas ta ɗauka, ta saurara, ta rubuta wani abu a bayan hannunta, ta wuce ba ta kalle mu ba. Awa goma sha tara kawai ya ɗauka. Likita ta zo ta ce ƙwayar tana cikin jini, tana cikin ruwan baya, sanƙarau ne irin na jarirai. Alluran da aka fara jiya suna kama irin wannan ƙwayar, za a yi mata na sati biyu zuwa uku, sannan a gwada jinta da wasu abubuwa. Umma ta zauna a ƙasa, a kan tayil, ga benci a bayanta.

Ni da ba na iya tambayar hanya in na ɓata, na bi likitar har bakin matakala. Na ce mata uban yarinyar yana aiki nesa, hutunsa saura kwana goma sha ɗaya, ko labarin zai iya jira. Ta cire tabarau ta murza idonta, ta tambaya tafiyar nawa ce, na ce yini guda. Ta ce jarirai da yawa suna tashi daga wannan, wasu har sun dawo sun gaishe ta da ƙafarsu, kuma tana sa rai Auduga tana cikinsu. Amma kwana biyun nan masu zuwa su za su nuna, kuma in da ɗan'uwanta ne, za ta so ya shigo motar farko.

A bencin bakin taga nake rubuta maka wannan, a takardun da na yage daga littafin lissafina, Umma ta tafi ɗauko Aku. Direbanku ya ce in kai masa kafin magariba, da asuba zai kama hanya. Ɗazu Anti ta fito wanke kofi ta gan ni, na rufe da hannu, ta janye hannun ta karanta tun daga sama. Tun jiya ba ta yi mini magana ba, ko kallona ba ta yi. Ta tambaya ko na rubuta zancen maganin, na ce na rubuta. Ta ajiye kofin a bakin taga. Sannan ta ce in matsa, ta zauna kusa da ni, ta ce in ƙara maka cewa kunnuwanka ne da yarinyar sak, masu ɗan tsini a sama, hoton waya ba ya nunawa, sai ka zo ka gani da idonka.

Ɗakin jariran a hawa na biyu yake, ƙofar ƙarshe ta hannun dama. Nas ta ce uba ma ana barinsa ya shiga, sai dai ka cire agogo ka wanke hannu har gwiwa. Ka gai da Kawu mai walda da kyau, ka nuna masa takardar nan, in da hali ya rako ka, kada ka yi tafiyar kai kaɗai. Ka gai da abokin ɗakinka da ya aiko mana da fitila, da shugaban aikinku, Allah Ya sa ya sake ka ba gardama. Anti tana gaishe ka. Aku ma na san da ta sani da ta ce a gaishe ka a kuma tuna maka da kekenta. Gaisuwar Umma ba zan rubuta ba tunda ba ta aiko ni ba, in ka iso ka tare mini faɗanta.

Ban sani ba ko za ka iya yafe mini, kuma ba shi na rubuto nema ba. Ka zo kawai, Yaya. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sa ka tarar da ita ido biyu.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Shiru-shiru